Kurakuran da ke ɓata aikin haɗin gwiwa tsakanin ƙungiyoyin ƙasashe daban-daban

A wani zama da ma'aikatan wata ƙungiya daga Kano suka yi da takwarorinsu na Maraɗi, na ga an kwashe kusan sa'a guda ana ja-in-ja a kan kuɗin mota. Mutumin Maraɗi ya ce jikka biyu za a ba kowane manomi da ya zo horo. Akawun, Bakano ne, ya rubuta naira 400, domin a wurinsa jaka naira 200 ce. Shi kuwa ɗan Nijar sefa 2,000 yake nufi. Ana cikin haka wani ya ce a ƙara dala ashirin ta ruwan sha, Baturiyar da ke riƙe da kasafin ta zaro ido, ta ɗauka dalar Amurka ce, alhali a Nijar dala sefa 5 ce kacal. Ban da ita, duk Hausawa ne a ɗakin.

Kuskuren farko ke nan, ɗauka cewa tunda harshe ɗaya ne, an fahimci juna. Biro a Kano abin rubutu ne, a Damagaram ofis ne. Maganinsa ba shi da tsada: a rubuta kowane adadi da lamba tare da sunan kuɗin, kuma tun makon farko a keɓe takarda guda da za a riƙa tara kalmomin da suka taɓa jawo ruɗani.

Wanda ya fi wannan ɓarna shi ne barin harshen mai kuɗi ya zama harshen taro ba tare da an tanadi tafinta ba. Majalisar Ɗinkin Duniya na aiki da harsuna 6, ECOWAS da 3, Tarayyar Afirka kuma ta ƙara Swahili cikin harsunan aikinta a 2022. Ba don ado suke kashe kuɗin fassara da tafinta ba. A ƙananan ƙungiyoyi kuwa sai ka ga an yi taron kwana uku da Turanci, masu zaƙin baki biyu sun cinye lokaci, matar da ta shekara goma tana zaga ƙauyukan da ake magana a kai ta yi gum. A rahoto sai a rubuta kowa ya amince.

Shiru ba amincewa ba ne, kuma mu mun fi kowa sanin haka. In Bahaushe ya ce "to, za mu duba", sau da yawa ya riga ya ƙi, kunya ce ta hana shi faɗa. Yaro ba ya musu da babba a bainar jama'a, ko da ya ga ramin da za a faɗa. Baƙon da ya taso inda ake cewa a'a kai tsaye zai koma gida da murna, bayan wata uku ya dawo yana cewa an yaudare shi. Mu ma mukan yi namu kuskuren, mu ɗauki maganarsa ta gatsau a matsayin raini, alhali haka yake yi wa shugabansa. Gyara a nan shi ne a sa kuɗin tafinta cikin kasafi tun farko, a aika takardun taro mako guda kafin zama, sannan shugaban zaman ya nemi ƙananan ma'aikata su ba da ra'ayi a rubuce ko a keɓe. Kafin a watse, kowa ya faɗi da bakinsa aikin da ya ɗauka da ranar da zai gama.

Akwai kuma masu mayar da lamarin biki. Ranar 21 ga Mayu, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware tun 2002 don bambancin al'adu, sai a sa babbar riga da rawani, a kawo tuwo da kilishi, a ɗauki hoto a sa a Facebook. Babu laifi, ni ma ina cin kilishin. Amma washegari su wa ke sa hannu a kan cek? Tilasta wa ma'aikata zaman horo na yini guda kan bambancin al'adu ma ba ya kaiwa ga gaci. Masu bincike Frank Dobbin da Alexandra Kalev sun bi bayanan kamfanonin Amurka sama da 800, suka bayyana a 2016 cewa shekara biyar bayan horon dole, kason baƙaƙen mata a cikin manajoji raguwa ya yi da kusan kashi 9 cikin 100. Abin da ya yi aiki shi ne haɗa sabon ma'aikaci da babba mai ja masa gora, da kafa kwamitin da ke bin alƙaluman ɗaukar aiki da ƙarin girma.

A kula da jadawalin nan na "halin mutanen ƙasa kaza" da masu horarwa ke yawo da shi. Yawancinsa ya samo asali daga binciken Geert Hofstede a kan ma'aikatan kamfanin kwamfuta na IBM tsakanin 1967 da 1973, wanda ya haɗe Najeriya da Gana da Saliyo a rukuni guda. Wanda ya haddace shi ya zo yana tsammanin Bazazzagi da mutumin Fatakwal halinsu ɗaya, ya tashi da sauran aiki.

Takardar cike bayanan ma'aikata ma ba a kwaso ta daga wata ƙasa a manna. A Amurka da Ingila tambayar launin fata a takardar aiki abu ne da aka saba. A Faransa dokar 1978 ta taƙaita tattara irin wannan bayani ƙwarai. Ruwanda ta cire ƙabila daga katin shaida bayan kisan kiyashin 1994. A Najeriya kuwa hukumar raba daidai da aka kafa a 1996 da jihar asali take awo. A tambayi lauyan ƙasar kafin a buga takardar.

Kalanda ƙaramin abu ne mai jawo fushi: taro da ƙarfe ɗaya ranar Juma'a, bita a goman ƙarshe na azumi, ko mance cewa hutun mako a Saudiyya Juma'a da Asabar ne. A zauna a watan farko a haɗa kalanda guda.

Tushen yawancin rigingimun dai shi ne kiran abu haɗin gwiwa alhali ɓangare ɗaya ke riƙe da wuƙa da nama. A 1998 kamfanonin ƙera motoci Daimler na Jamus da Chrysler na Amurka suka haɗe a cinikin kusan dala biliyan 36, aka ce tsara da tsara ne. A 2000 shugaban kamfanin, Jürgen Schrempp, ya fito ya ce dama niyyarsa Chrysler ta zama reshe. A 2007 aka rabu. An sha ɗora laifin a kan bambancin halin Jamusawa da Amurkawa, ni kuwa ina ganin ƙaryar farko ce ta fi ci. In ɗaya ne mai yanke hukunci, a rubuta haka a yarjejeniya, kowa ya san matsayinsa. In da gaske tare ake, a nuna a kujerun kwamitin gudanarwa, da albashi ɗaya ga aiki ɗaya, da juya wurin taro, tunda ba kowa ke samun bizar Turai ba.

Sai kuskuren da ke fitowa daga ɓangarenmu, wato fakewa da al'ada. Manaja ya ɗauki ɗan ƙanwarsa aiki ba tare da jarrabawa ba, ko a hana ma'aikaciya zama a teburin shawara, in an yi magana a ce baƙi ba su san al'adarmu ba. Sanarwar UNESCO ta 2001 kan bambancin al'adu ta toshe wannan ƙofa a sashe na 4, inda ta hana kowa fakewa da al'ada don tauye haƙƙin ɗan Adam. Ƙungiya ta rubuta ƙa'idojin da ba a sassautawa, su zama kaɗan, a fassara su cikin harshen kowane ma'aikaci har da direba da maigadi, kuma a buɗe hanyar kai ƙara wadda ba ta bi ta teburin wanda ake ƙara.