Darasi na Bakwai: Ayyukan da Kwamfuta Take Yi a Ɓoye

Baƙon da aka sauke a zaure maigida kawai yake gani, alhali a cikin gida ana daka, ana ɗebo ruwa, ana hura wuta, kuma da waɗannan ayyuka ne tuwo yake isowa gabansa. Kwamfuta ma haka take. Takardar da kuke bugawa a Word ita ce zaure, amma a ciki akwai ayyuka gommai, wani lokaci fiye da 100, da suke tafiya ba tare da sun fito a allo ba. Wani yana tsaron na'urar daga cuta, wani yana riƙe da haɗin intanet, wani kuma yana jera takardun da aka tura wa firinta.

Kowane ɗaya daga cikinsu yana cin rabonsa na ƙarfin na'ura. Yawancinmu a nan Damagaram kwamfuta ta hannu muke saye, kuma sau da yawa ma'ajiyarta ta aiki ba ta wuce giga 4 ba, wanda shi ne mafi ƙarancin abin da Windows 11 yake buƙata. Idan ayyukan ɓoye suka yi mata yawa sai ta yi nauyi, fankarta ta riƙa ƙara, musamman a zafin Afrilu da Mayu, batir kuma ya ƙare da wuri in an ɗauke wuta. Mai buga takardu a kusa da Kasuwar Dole, wanda mutane suke jira a kansa, yakan yi saurin cewa cuta ce ta shiga, ya ɗauki na'urar zuwa wurin mai gyara. Ya kamata ya fara leƙa cikin gidan tukuna.

Ga yadda ake leƙawa. Ku danna maɓallai uku tare: Ctrl, Maj da Échap. Taga za ta buɗe mai suna "Gestionnaire des tâches", tunda yawancin kwamfutocinmu da Faransanci suke. A Windows 10, idan tagar ta fito ƙarama, ku danna "Plus de détails". Za ku ga ayyukan an kasa su uku: manhajojin da kuka buɗe da kanku, sai "Processus en arrière-plan", wato ayyukan ɓoye, sai kuma na Windows kansa. A gaban kowane suna akwai lambobi a ƙarƙashin "Processeur", "Mémoire", "Disque" da "Réseau". Idan kuka danna kan "Mémoire", wato ma'ajiyar aiki, kwamfuta za ta jera su daga mai ci da yawa zuwa mai ci kaɗan. Kada ku yi mamakin ganin Chrome da lamba babba, domin shafukan da aka bari a buɗe kowanne yana da nasa aikin.

Idan manhajar da kuka sani ce ta ƙame, ku zaɓe ta, ku danna "Fin de tâche". Sai dai duk abin da ba a adana ba zai tafi, saboda haka ku adana aikinku tun da wuri. Wanda ba ku san sunansa ba kuwa, kada ku taɓa shi. "Antimalware Service Executable" yakan ci ƙarfi sosai lokacin da yake bincike, amma shi ne mai gadin gidan. Idan aka kashe "Explorateur Windows", layin ƙasan allo da gumakan kan tebur duk za su ɓace, abin da yake firgita sabon shiga. Na rukunin Windows gaba ɗaya a bar su yadda suke.

A ganina, gyaran da ya fi amfani shi ne hana manhajojin da ba a buƙata tashi tare da kwamfuta. A cikin wannan taga ku shiga "Démarrage", wanda a Windows 11 ake kira "Applications de démarrage", ku zaɓi manhajar da ba kullum kuke aiki da ita ba, ku danna "Désactiver". Wannan bai goge ta ba; za ta buɗe duk ranar da kuka neme ta.

Akwai kuma batun mega. Windows yakan sauko da sababbin gyare-gyare a ɓoye, har ya cinye megan da kuka saya idan daga waya kuka haɗa intanet. Ku shiga "Paramètres", sannan "Réseau et Internet", ku buɗe bayanin haɗin da kuke kai, ku kunna "Connexion limitée". Amma lokaci-lokaci, in kun sami wifi mai yalwa, ku bar shi ya sauko da su, domin a cikinsu akwai na tsaro.

Aikin gwaji: kowa ya buɗe tagar, ya rubuta a littafinsa sunayen ayyuka 3 da suka fi cin "Mémoire" tare da lambobinsu. Sannan ya rufe Chrome, ya danna "Redémarrer" don kwamfutar ta kashe kanta ta sake tashi, ya sake dubawa, ya kawo wa malam lambobin farko da na biyu a zama mai zuwa.