Yadda Na Shawo Kan Sayen Littattafan Da Ba Na Karantawa

Wani littafi nake nema a ƙasan kanta sai na ci karo da kwafi biyu na littafi ɗaya, kowanne a cikin ledarsa ba a ɓare ba. Na sayi na biyun ne ban san ina da na farkon ba. Na daɗe zaune riƙe da su, don abin ya taɓa ni ƙwarai. Tun ina yaro nake son karatu, amma a hankali son ya koma kan saye ban ankara ba.

Halin ba sabo ba ne. Mutanen Japan suna kiransa "tsundoku", wato a jibge littattafai ba a karanta ba, kuma kalmar tana nan tun zamanin Meiji, tsakanin 1868 da 1912. A Ingila an yi Sir Thomas Phillipps, wanda ya rasu a 1872. Ya tara littattafan ɗab'i kusan 40,000 da rubuce-rubucen hannu kusan 60,000, bashi ya yi masa katutu, aka kuma shafe sama da shekara 100 ana sayar da abin da ya bari.

Idan kana fama da wannan, fara da ƙirga. Sauko da komai ƙasa, ka ware wanda ka karanta da wanda ba ka karanta ba. Kada ka yi wa kanka ha'inci da wanda ka duba gabatarwarsa kawai. Nawa da ban karanta ba sun kai 143. Sai na lissafa nawa na kammala a shekarar da ta wuce, na samu 11. Ke nan ko ban ƙara sayen ko ɗaya ba, ina da karatun shekara 13 a ajiye. Wannan lissafin ya fi kowace nasiha yi mini tasiri. Ka haɗa da na cikin waya da kwamfuta, don tulinsu ya fi ɓoyuwa, ba ya cin wuri balle ƙura ta tona shi.

Daga nan sai ka lura da zuciyarka a lokacin saye. Ni na gane daɗin yana zuwa ne lokacin biyan kuɗi. Ina riƙe littafin sai in ji kamar ilimin da ke ciki ya riga ya zama nawa, kafin in isa gida kuma zumuɗin ya kwanta. Maganin da ya yi mini aiki shi ne jinkiri. Ina da ɗan littafin rubutu, duk littafin da ya ja hankalina sai in rubuta sunansa da kwanan wata, in jira kwana 30. Mafi yawansu in na dawo kansu ba na ma tuna abin da ya sa na so su. Wanda har yanzu raina ke kansa, sai in karanta shafi goma na farko kafin in ciro kuɗi. Na kuma goge bayanan katina daga shafukan saye na intanet, na dakatar da saƙonnin rangwame. Rangwame ya cuce ni fiye da komai, don araha nake saye, ba littafin ba.

Sai doka guda: ba na sayen sabo sai na gama biyu daga cikin tsofaffin. Idan na kai shafi 50 littafi bai kama ni ba, ina ajiye shi ba tare da jin laifi ba, amma dole ya bar gidan, ya koma ko ɗakin karatu ko hannun wanda zai amfana. Ƙamus da sauran littattafan da ake dubawa lokacin buƙata ba sa cikin wannan lissafi.

Akwai masu cewa tulin da ba a karanta ba yana tuna wa mutum yawan abin da bai sani ba. Akwai gaskiya a ciki. Sai dai ni nauyi yake zame mini, in kalle shi in rasa ta ina zan fara, in ɗauki waya. Shi ya sa uku kawai nake ajiyewa kusa da gado. Shafi 20 a rana ya kai 7,300 a shekara, kusan littafi 24 masu shafi 300.

Kwafi na biyun nan na ba wani ɗalibi, nawa kuma na ɓare ledarsa a daren, na gama shi cikin kwana tara. Da na sake ƙirgawa a watan jiya, saura 96.