Darasi na 9: Toshe hujin zuciyar yaro ba tare da an tsaga ƙirji ba

Zuciya ɗakuna huɗu gare ta, biyu a sama, biyu a ƙasa. Tsakanin na ƙasan akwai bangon tsoka. Wani jaririn akan haife shi da huji a wannan bango. Da yake ɗakin hagu ya fi ƙarfin bugawa, sai jini ya riƙa zurarewa ta hujin zuwa dama, ya sake komawa huhu inda ya baro yanzun nan. Huhu ya cika da jini, zuciya kuma ta yi ta wahalar banza.

Uwa ce kan fara lura. Yaro ya kama nono, tsotso kaɗan sai ya saki yana haki, gumi ya tsattsafo masa a goshi ko da lokacin hunturu ne. Ga tari ba ya ƙarewa, wata ya bi wata bai ƙara nauyi ba. Wannan ba maita ba ce, ba kuma laifin nonon uwa ba ne. A kai shi asibiti. Likita zai saurari ƙirjinsa, ya tura a yi hoton zuciya, wanda ake kira eko.

Ƙananan huji da yawa kan rufe da kansu kafin yaro ya tasa. Babba ne abin tsoro, don in aka yi sakaci shekaru suka ja, jijiyoyin huhu kan lalace har aikin toshe hujin ya gagara.

A da, sai an buɗe ƙirji. A 1988 likitoci a birnin Boston na Amurka suka ba da labarin wata hanyar. Ga yadda ake yin ta a yau: ana sa yaro barci, a zura siririn bututu mai laushi ta jijiyar jini a matsematsinsa, a bi da shi har zuciya ana kallo a allo. Cikin bututun akwai abin toshi, saƙar siririyar waya ta ƙarfen nikel da titaniyom, mai kama da maɓalli mai kai biyu. Kai ɗaya ya buɗe a hagu, ɗaya a dama, su rungume bangon a tsakiya. A zare bututu, a danne wurin. Galibi kwana ɗaya ko biyu ake sallama. Cikin wata shida naman zuciya kan lulluɓe abin, ya zauna ke nan.

Sai dai ba kowane huji ne ake yi wa haka ba. Likita na duba girmansa, da inda yake, da nauyin yaron. Wani hujin yana dab da hanyar da ke kai saƙon bugun zuciya, in abin toshi ya danne ta bugun kan ragu. Don haka in likita ya ce tiyata ce ta fi, ba rowa ya yi muku ba.

Bayan sallama, a ba da asfirin yadda aka rubuta, yawanci na wata shida, kuma kada a tsallake ranar komawa. In yaro ya suma, ko zazzaɓi ya ƙi sauka, ko matsematsin ya kumbura, a koma a ranar. Kafin a cire masa haƙori, a gaya wa likitan haƙori abin da ke cikin zuciyarsa.

Aikin gida: rubuta alamomi uku da uwa ke gani lokacin shayarwa. Sannan ka zana zuciya, ka nuna inda hujin yake.