Hukumar likitocin haƙori ta Faransa: abin da ya kamata baƙo ya sani

Ɗan Maraɗi da ya saba idan haƙori ya dame shi a nuna masa wani gwani a unguwa ya cire masa, zai tarar da wani tsari dabam a Faransa, inda ba a yarda kowa ya yi aikin likitan haƙori ba sai sunansa na cikin rajistar hukumar da ake kira Ordre national des chirurgiens-dentistes, wadda aka kafa a shekarar 1945.

Hawa uku gare ta: majalisar ƙasa a birnin Paris, sai na jihohi, sannan na gundumomi. Ta gunduma ce ta shafe ku, domin ita ke rajistar likitoci, ita kuma ke karɓar ƙorafi. Likitocin ne ke zaɓen wakilansu na tsawon shekara 6, kuma kuɗin da kowannensu ke biya dole duk shekara shi ke tafiyar da hukumar, ba baitulmalin gwamnati ba.

Wannan ne ke sa wasu ƴan uwa ɗari-ɗari, suna ganin ba za ta hukunta masu ciyar da ita ba. Zargin ba a banza yake ba, tunda a 2017 kotun binciken kuɗaɗen gwamnati ta soki yadda take kashe kuɗinta. Sai dai a ganina bai kai a ƙi kai kuka ba, saboda alƙalin gwamnati ne ke shugabantar zaman ladabtarwa, ba likita ba.

Idan aka ɓata muku aiki, ku rubuta wa majalisar gundumar da likitan yake wasiƙa, ku haɗa da takardar kiyasin kuɗi da ya ba ku kafin ya sa haƙorin roba, da rasiɗai. Cikin wata 1 za a kira ku zaman sulhu, ku da shi. In ba a daidaita ba, a miƙa maganar ga kotun ladabtarwa ta jiha cikin wata 3. Hukuncin yana farawa daga gargaɗi, ya kai ga dakatarwa ko soke suna daga rajista. Diyya kuwa ba hurumin hukumar ba ce, sai a nemi kotun shari'a ta yau da kullum ko kamfanin inshorar likitan.

Wanda ya zo da digirin likitan haƙori daga wajen Tarayyar Turai, sai ya ci jarrabawar tantance ilimi, ya yi aiki ƙarƙashin kulawa, ya sami izini daga hukumomin lafiya, kafin majalisar gunduma ta rubuta sunansa.