Yadda Za Ka Bi Sawun Kakan da Aka Ce Baturen Jirgin Ruwa Ne a Ƙarni na 18

A unguwannin Hausawa na Akra, daga Sabon Zango zuwa Nima da Mamobi, ba abin mamaki ba ne ka tarar da gidan da uba Bahaushe ne, amma uwa ko kaka ta fito daga ƙabilar Ga ko Fante, daga dangin da ke amsa sunan Turawa. A irin waɗannan gidaje akan ce mai sunan na asali wani Baturen Ingila ne, kyaftin ɗin jirgin ruwa kuma ɗan kasuwa, wanda ya sauka a bakin tekun nan tun zamanin cinikin zinariya. Haka na taso ina ji game da dangin kakata ta wajen uwa, wadda aka haifa a Jamestown, tsohuwar unguwar bakin teku ta Akra, kuma daga abin da na koya wajen bin wannan labari ne na tsara bayanin nan.

Kada ka fara da intanet, ka fara da tsofaffin gidanku, domin takarda tana iya jiranka shekara goma, tsoho kuwa ba shi da wannan alkawari. Ka je da goro ko 'yar tsaraba, ka nemi izini kafin ka kunna wayarka ka naɗi magana, sannan ka tambayi sunaye ɗaya bayan ɗaya: wa ya haifi wa, a wane gida, kuma ina aka binne shi. Ranar da na fara tambayar kakata, sai ta dube ni ta ce, "Maigida, gado za ka je nema a Ingila ka bar ni a nan?" Da ta gama tsokanar, sai ta sa aka jawo akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado, ta fito da ƙananan littattafan jana'iza guda huɗu, irin waɗanda danginta Kirista suke bugawa idan an yi rasuwa, masu ɗauke da tarihin mamaci da jerin 'yan uwansa. Daga cikinsu na samu sunayen hawa uku da ban taɓa ji ba. Idan danginku Ga ne, ka nemi babban gidan zuriya, kuma lokacin da ya fi dacewa shi ne wajen watan Agusta, sa'ad da bikin Homowo yake tara dangi na nesa da na kusa.

Da zarar ka tara sunayen, sai ka yi lissafi. Tsakanin uba da ɗa a ƙaddara shekara 30. Idan an haifi kakarka a 1940, kuma ta ce Baturen kakan kakanta ne, to lissafi zai kai ka wajen 1820 ne kawai, alhali mutumin da yake tuƙa jirgi a 1770 yana buƙatar ƙarin hawa biyu ko uku. Bakin mutane yakan haɗiye hawa-hawan tsakiya, ya riƙe na farko da na ƙarshe, don haka wannan giɓi ba ya ƙaryata labarin, amma shi ne aikin da ke gabanka.

Sai ka yi hattara da sunan kansa, domin kama da wane ba ta wane. A garuruwan bakin teku mutane da yawa sun ɗauki sunan Bature ne daga ubangidan da suka yi wa aiki, ko daga wanda ya mallaki kakansu, ko kuma a ranar baftisma, ba tare da wata alaƙar jini ba. Duk da haka akwai dangin da tsatsonsu ya tabbata a rubuce, kamar zuriyar Richard Brew, ɗan ƙasar Ailan da ya yi kasuwanci a Anomabo har ya mutu a can a 1776. Abin da zai raba maka wannan da wancan shi ne takardun gida Gana. A hukumar adana takardun tarihi ta PRAAD, wadda ke da babban ofishi a Akra da reshe a Cape Coast da Kumasi, ka nemi kundin shari'o'in gado da na filaye na ƙarni na 19 da farkon na 20, domin a cikinsu shaidu sukan zayyana salsalar gida a gaban alƙali, wani lokaci har su ambaci Baturen da matar da ta haifa masa 'ya'ya. Rajistar coci ma tana taimakawa, sai dai mishan ɗin Basel ya iso Osu ne a 1828, na Methodist kuma ya iso Cape Coast a 1835, don haka littattafansu 'ya'ya da jikoki za su nuna maka, ba shi mutumin ba.

Bayan ka ƙulla wannan igiya ne za ka haye zuwa takardun Ingila, kuma a nan akwai abin da ya kamata ka sani tun da wuri: kafin 1835 babu wata rajista guda da gwamnati ta tara sunayen ma'aikatan jiragen kasuwanci a cikinta. Saboda haka mutumin teku ta hanyar jirginsa ake kama shi. Rajistar jirage ta Lloyd's, wadda mafi daɗewar da ta rage ta 1764 ce, tana kawo sunan jirgi da na kyaftin da na mai jirgin, da girmansa, da inda aka ƙera shi, da inda ya nufa, kuma an saka hotunan shafukanta kyauta a intanet. Jaridar Lloyd's List kuwa tana ba da labarin tashi da isowar jirage da haɗurran teku. Kullum ka haɗa sunan jirgi da na kyaftin wajen nema, domin jirage da yawa suna amsa suna ɗaya a shekara ɗaya.

A nan ne kuma za ka yi karo da abin da labarin gida ya saba tsallakewa. Baturen Ingila da ya yi kasuwanci a wannan gaɓa a ƙarni na 18, daga Landan ya taso ko Bristol ko Liverpool, da wuya a ce hannunsa bai taɓa cinikin bayi ba, wanda Birtaniya ba ta haramta wa jiragenta ba sai a 1807. Rumbun bayanai na SlaveVoyages ya tattara tafiye-tafiye sama da 36,000 na jiragen bayi, ana shigarsa kyauta, kuma ana iya nema da sunan kyaftin ko na mai jirgi. Zai nuna maka tashar da jirgin ya baro, da inda ya sayi mutane, da adadin waɗanda aka loda da waɗanda suka sauka da rai. A ganina, wanda ba zai iya rubuta waɗannan alƙaluma kusa da sunan kakansa ba, gara ya bar binciken tun yanzu, domin tarihin da aka yi wa kwalliya ba zai amfani jikoki ba.

Idan mutumin ya zauna a ƙasa ne yana ciniki, to ka nufi takardun kamfanonin da suka riƙe sansanonin Ingilishi. Kamfanin Royal African ne ya gina James Fort a Akra a 1673, sannan daga 1750 zuwa 1821 wani kamfanin 'yan kasuwa masu ciniki da Afirka ya gaji sansanonin, hedikwatarsu kuma tana Cape Coast. Wasiƙunsu da littattafan albashi da na kuɗin shiga da fita suna gidan adana takardu na Birtaniya da ke unguwar Kew a Landan, ƙarƙashin lamba T 70. Ana bincika jerin abin da ke ciki ta intanet, kuma ana iya biya a ɗauko maka hoton shafin da kake so.

Takardar da ta fi kowace daraja ita ce wasiyya. Mutanen teku sun san mutuwa tana kusa da su, don haka sukan rubuta wasiyya kafin su tashi, ko a cikin jirgi idan zazzaɓi ya kama su. Wasiyyar wanda ya mutu a teku ko a ƙetare yawanci kotun coci ta Canterbury ce take tabbatar da ita, wadda ta yi wannan aiki har 1858, kuma kwafinsu yana Kew ƙarƙashin lamba PROB 11, ana sauke shi ta intanet. Dalilin da ya sa na fifita ta shi ne, auren da Turawa suke yi da matan bakin teku bisa al'adar gari ake ɗaura shi, ba ya shiga rajistar coci, kuma sau da yawa mutumin yana da wata matar a Ingila. Wasiyya ce kusan wuri ɗaya tilo da zai iya ambatar mace a Cape Coast ko Akra da 'ya'yanta, ya bar musu oza kaza na zinariya ko gida ko kayan ciniki. Ka karanta ta a hankali, layi bayan layi, kana kwafewa da hannunka. Rubutun zamanin yana da wata doguwar "s" mai kama da "f", ana taƙaita John a rubuta Jno, William kuma Wm, sannan sunan dangi ɗaya yana iya zuwa da haruffa iri uku a shafi guda, saboda magatakarda yadda ya ji yake rubutawa.

Daga wasiyya za ka samu unguwarsa, daga unguwa kuma sai rajistar cocin Ikklesiyarsa, domin gwamnati ba ta fara rajistar haihuwa da aure da mutuwa a Ingila ba sai 1837. Ka lura da kwanan wata: kafin 1752 sabuwar shekara a Ingila tana kamawa ne ranar 25 ga Maris, don haka abin da aka rubuta Fabrairun 1745 a lissafinmu Fabrairun 1746 ne, kuma a 1752 ɗin an tsallake daga 2 ga Satumba zuwa 14 ga wata. A wannan mataki ne na yi nawa kuskuren. Na yi wata biyar ina bin wani mutum mai suna da sana'a irin na wanda nake nema, har na zana masa bishiyar zuriya, sai na tarar an binne shi a shekarar da jirgin yake tsakiyar teku da kyaftin ɗinsa a raye. Tun daga ranar ba na karɓar mutum sai abubuwa uku sun haɗu a kansa, wato suna da jirgi da sunan mata ko unguwa.

Gwajin ƙwayar halitta kuwa kada ka ɗora masa nauyin da ba zai iya ɗauka ba. Kakan da ke hawa na takwas a samanka kashi ɗaya cikin 256 ne na jininka a lissafi, kuma yana iya ɓacewa gaba ɗaya daga sakamakon. Gwajin da ke bin layin maza zalla ya fi ƙarfi, amma sai an samu namijin da ya gaji sunan daga uba zuwa uba, wanda a wajen yawancinmu yana nufin roƙon wani kawu a Jamestown.

Duk abin da ka samu, ka rubuta shi a littafi guda tare da lambar takardar da shafinta da ranar da ka gan ta, ka kuma ware abin da ka gani a rubuce da abin da aka faɗa maka da abin da kake zato, ko da da biro mai launi uku ne. Ka buga kwafi biyu, ɗaya ya zauna a zango, ɗaya kuma ka kai babban gidan dangin kakarka, domin a can ne wani tsoho zai duba ya ce maka an tsallake sunan wance tsakanin wane da wane.