Yadda ake rainon kariya a Legas ba tare da ta ruɓe ba

Duk wanda ya tashi a Arewa ya san kariya, gajeriyar bishiyar nan mai kaurin gindi da fure ja-ja, wadda ke tsaye a fako cikin zafin bazara ko a jikinta. A Legas kuwa ruwa ne ajalinta. Na sha ganin 'yan uwa a Agege da Idi-Araba sun taho da ita daga gida sun dasa a tsakar gida, ruwan Yuni na sauka gindin ya yi laushi ya ruɓe. Abin na ba ni takaici, don shuka ce mai sauƙin raino.

Da farko nemi tukunyar ƙasa, ka huda gindinta, ka ɗora ta kan bulo don ruwa ya riƙa tsiyayewa. Ta fi robar fenti nesa ba kusa ba, saboda tana shan iska.

Haɗin ƙasa shi ne babban aikin. Yashi mai tsakuwa kashi 2, baƙar ƙasa kashi 1, sai ka farfasa gawayi ka cakuɗa. Ban da yashin bakin teku, gishiri gare shi. Ka gwada: in ka zuba ruwa ya kwanta a sama, ƙara yashi.

In reshe ka yanko, kada ka dasa nan take. Bar shi a inuwa kwana 3 zuwa 5, bakin yankan ya bushe, sannan ka kafa shi, ka yi mako guda ba ka ba shi ruwa ba. Mai son katafaren gindin nan, iri zai shuka, reshe ba kasafai yake yin sa ba.

A kula, ruwan jikinta dafi ne, har dafin kibiya ake haɗawa da shi. Sa leda a hannu kafin ka yanka, ka wanke wuƙar da sabulu, ka nisanta shukar da yara da awaki.

Rana take so, aƙalla awa 6, in ba haka ba sai ganye ba fure. Ban ruwa kuma sai ka tura yatsa ka ji ƙasa ta bushe ƙayau. A Yuni da Yuli ja tukunyar ƙarƙashin baranda, inda haske ke shiga amma ruwan sama ba ya dukanta.

In hunturu ya shigo ganye ya zube, kada hankalinka ya tashi. Matsa gindin: muddin da tauri, tana nan da ranta, ka rage ruwa ka jira toho.