Yadda nake ɗaukar tarihin tsofaffi a gidan gajiyayyu

Ranar da na fara wannan aiki na tafka kuskuren da har yau in na tuna sai kunya ta kama ni. Na zauna gaban wata tsohuwa, na danna waya, na ce, "Inna, ina 'ya'yanki?" Ta dube ni sama da ƙasa, ta gyara ɗankwali, ta ce bari ta je ta yi alwala. Ƙarfe goma na safe ne fa. Sai da na kwashe mako uku ina zuwa gaisuwa kafin ta sake yarda mu zauna tabarma ɗaya.

Ni malamar Hausa ce a wata makarantar sakandare a Kano. Abin da ya fara kai ni gidan gajiyayyu kunun buɗa baki ne da muke kaiwa da azumi. Daga nan na shiga zama da mutanen gidan ina ɗaukar muryoyinsu. Wasu abokan aiki sun yi ta tambayata yadda ake yi, shi ya sa na ga gara in rubuta.

Abu na farko, ka san inda ka sa ƙafa. Gidan tsofaffi a wajenmu ba irin na Ingila ko Amurka ba ne, inda mutum zai biya kuɗi ya kama ɗaki. Bahaushe yana ganin abin kunya ne a ce iyayensa suna hannun hukuma. Saboda haka waɗanda za ka tarar mutane ne da dangi suka ƙare musu, ko aka ɗauko su a titi suna bara, ko gigin tsufa ya fito da su daga gida suka kasa gane hanyar komawa. Tambayar "me ya kawo ki nan?" fama miki ce. Ka bar ta a bakin ƙofa. Wanda ya ga dama zai faɗa maka da kansa, yawanci a zama na uku ko na huɗu, lokacin da ba ka zata ba.

Kafin komai a nemi izini. Gidan gwamnati yana ƙarƙashin ma'aikatar da ke kula da walwalar jama'a, don haka a rubuta takarda, a kai, a jira amsa, sannan a je wajen shugaban gidan. Amma iznin ofis daban, yardar mai labari daban. Ni ba na ba tsoho takarda ya dangwala, don da yawansu in suka ga takarda da tawada gabansu faɗuwa yake yi. A farkon ɗauka nake cewa, "Baba, wannan wayar za ta riƙe muryarka. Ka yarda? Wa kake so ya ji, wa ba ka so ya ji?" Amsarsa ta shiga cikin abin da aka ɗauka. Hoto kuwa ba na ɗauka sai an ce in ɗauka, kuma ban taɓa sa fuskar kowa a Facebook ko TikTok ba. Waɗanda ke zuwa da buhun shinkafa da mai ɗaukar bidiyo sun riga sun gajiyar da mutanen nan.

Zuwan farko da na biyu, waya ta zauna a jaka. Gaisuwa ce kawai, a durƙushe, har a kai ƙarshenta: kwana, gajiya, jiki, sanyi ko zafi. Ina riƙe goro da sabulu da man shafawa, in ba wa mai kula da ɗakin ta raba wa kowa, don in ka ware mutum ɗaya da kyauta ka haɗa shi faɗa da maƙwabtan gadonsa. Alewa da lemon kwalba sai ka tambayi nas, akwai masu ciwon sukari. Kuɗi a kan labari ba na bayarwa. Da zarar ka fara, gobe kowa zai zama ya yi yaƙin basasa.

Kayan aiki ba su da yawa. Waya mai caji, littafi, biro. A sa wayar a yanayin jirgin sama, don kira ɗaya yana iya yanke ɗauka. A ɗora ta kan ninkakken mayafi ko filo, kamar kamu ɗaya da bakin mai magana, kar a riƙe a hannu, motsin yatsu yana shiga. In wayarka tana ɗauka a tsarin WAV, ka zaɓe shi, ya fi fitar da murya, sai dai yana cin wuri: awa ɗaya kan cinye wajen megabayit 300. A kashe fanka in mai labari ya yarda, a nisanci injin wuta da rediyon maƙwabci. Lokaci mafi kyau hantsi ne, bayan an karya kumallo an sha magani, kafin azahar. Minti arba'in ya isa. Kuma kar ka zauna kan kujera tsoho yana ƙasa.

To da me za a buɗe? Ni dai abin da ya yi mini aiki shi ne in tambayi hannu, in bar zuciya ta biyo baya. "Inna, da ƙuruciya wace sana'a kika yi?" Tsohuwar nan da na kora da tambayata, ashe makaɗiyar zare ce. Da na ji haka sai na shiga kasuwar Kurmi na nemo mazari da ɗan curin auduga da alli, na ajiye gabanta ban ce komai ba. Ta ɗauki mazarin ta juya shi, ta ce wanda ya yi shi bai iya ba, gindinsa ya karkace. Ta shafa alli a yatsu, ta ja bakin audugar, ta murza. Idonta ba ya gani sosai, amma zaren ya fito siriri, bai tsinke ba. Tana kaɗi tana magana: yadda suke gurza su fitar da angurya, yadda ake shiɓa da baka, bambancin zare da abawa, masaƙin da ke zuwa saye ranar kasuwa, da kwanon sha na farko da ta saya da kuɗin kaɗinta. Daga kwanon sha muka shiga kayan ɗaki, daga kayan ɗaki muka shiga aure. Ban yi tambaya biyar ba a wannan zama.

Tun daga nan nake neman abin da hannun mutum ya sani. Tsohon ɗan dako, ka tambaye shi yadda ake ɗora buhu a kan dalar gyaɗa. Mahauci, ka tambaye shi fiɗa. Mai fura, gero da kayan yaji. Tambaya ta zama gajera kuma guda ɗaya. "Yaya aka yi?" da "Sai kuma me?" sun fi duk wata doguwar tambaya da ka tsaro daga gida.

Inda aikin ya fi daɗi a wajena shi ne gano shekara. Kar ka ce, "A wace shekara aka haife ka?" Za a ce maka ɗari, ko a ce Allah ne masani. Tsofaffinmu da abin da ya faru suke lissafi, don haka ka riƙe naka ma'auni a ka. Zuwan Sarauniyar Ingila, 1956. Samun mulkin kai, 1960. Murabus ɗin Sarki Sanusi da hawan Ado Bayero, 1963. Kisan Sardauna, Janairun 1966. Yaƙin basasa, 1967 zuwa 1970. Canjin hannun tuƙi, 1972. Fitowar naira, Janairun 1973, da farin da ya halaka dabbobi a wannan tsakani. Kisan Murtala, Fabrairun 1976. Soke haraji da jangali da gwamnatin Rimi ta yi a Kano, bayan hawansa a 1979. Rikicin Maitatsine, Disamban 1980. Rasuwar Malam Aminu Kano, Afrilun 1983. Sai ka ce, "Baba, lokacin da aka kashe Sardauna ka yi aure?" Ko, "Inna, ranar da aka ce Murtala ya mutu, goyon wa kike yi?" Wani dattijo ya ce mini ya shigo Kano ne a watan da jirgin alhazai ya faɗi a filin jirgi, kuma kuɗin motarsa da sulalla ya biya, ana ta rigimar canji da kwandasta. Wannan ya ba ni Janairun 1973 cif. Kuɗi ma ma'auni ne: in mace ta ce sadakinta fam kaza ne, ko ta ambaci sisi da taro da ahu, ka san kafin naira ake magana. Fam ɗaya ya koma naira biyu, sule ya koma kwabo goma. Shekarar da ka gano ka rubuta ta a littafinka. Ba sai ka katse mutum don ka nuna masa ka sani ba.

Akwai alkunya, kuma tana nan daram ko mace ta kai tamanin. Ba za ta faɗi sunan mijinta na fari ba, ba za ta faɗi na ɗan fari ba. Za ta ce "shi wannan", ko "mai gidan", ko "yaron nan". Kar ka matsa. In har sunan ya zama dole, ka ce, "Sunan wa gare shi a gidan nan?" ta nuna maka mai irinsa. Haka shiru. In tsoho ya yi shiru, kai ma yi shiru, ka ƙirga goma a zuci. Sau da yawa abin da ya biyo bayan shirun shi ne abin da ka zo nema. In hawaye ya zo, ka tsayar da waya a gabansa ya gani, ka ba shi ruwa, ka ce, "Mu bari sai gobe?" Wasu za su ce a ci gaba.

Za a faɗa maka abu yau, jibi a faɗi kishiyarsa. Ba ƙarya ba ce, ka ajiye duka biyun. Masu gigin tsufa kuma ba a yi musu tambayar da ke buƙatar tunowa, don kasawar tana ɓata musu rai. Amma ka ja baitin waƙar gaɗa ko ta daka, ko ka fara wata gajerar sura, ka ga yadda za a karɓe. Irin wannan ɗauka ina ajiye ta a gidan ne kawai, tunda mai ita ba ya cikin halin da zai ce ya yarda a yaɗa. In wani ya ambaci garinsu da unguwa da sunan mai unguwa, ka miƙa wa jami'in walwala na gidan. Kai dai kar bakinka ya yi alkawarin nemo dangi.

Sai ma'aikata. Shekara guda na yi ina wuce mai girki da "sannu da aiki" kafin in ankara cewa rabin tarihin gidan yana kanta. Ita ta san wanda haƙoransa suka zube sai an saki tuwonsa, da wadda ba ta cin miyar kuka tun mutuwar 'yarta, da wanda ke ɓoye ƙosai a ƙarƙashin filo don wani jika da ba ya zuwa. Mai gadi ya san daren da aka kawo kowa da kayan da ke jikinsa. Mai wanki da mai shara su ne ake kira in dare ya tsala wani ya kasa tashi. Sai dai su tsoronsu daban ne: gani suke ko ɗan jarida ne kai, ko daga ma'aikata aka turo ka. Ka same su bayan an tashi aiki, ba a gaban shugabansu ba, ka fara da tasu rayuwar: wa ya raine su, yaya aka yi suka samu aikin, me 'yan gidansu suka ce da suka ji inda za su yi aiki. Daga baya ka tambayi ranar da aka fara rasuwa a hannunsu, wa ya yi wanka, wa ya ɗinka likkafani, mutum nawa suka raka. In magana ta gangara kan albashi ko ƙarancin kayan abinci, ni tsayar da waya nake yi in saurara da kunne. Muryar da za ta raba mutum da abincinsa ba na son ta kwana a wayata.

Da ka koma gida, a daren ka kwafe. Wuri uku nake ajiyewa: kwamfuta, katin ajiya, da intanet. Sunan fayil kwanan wata ne da lamba, sunan mai labari yana cikin littafi. Rubutawa ita ce wahalar, awa ɗaya ta magana tana cin mini awa biyar ko shida. Kuma a rubuta yadda aka faɗa. In Basakkwace ya ce "yat tahi", kar ka mayar masa "ya tafi". In 'yar Damagaram ta kawo kalmar da ba ka sani ba, ka bar ta, ka koma ka tambaya. Mu malaman Hausa hannunmu ƙaiƙayin gyara yake yi, da ƙyar na hana kaina.

Na ƙarshe, a mayar wa mai abu abinsa ya ji, kuma kar a ja lokaci. Akwai dattijon da na ce sai bayan jarrabawa zan koma masa, na koma na tarar da wani a gadonsa. Makaɗiyar nan kuwa na kai mata nata cikin mako. Na kunna da ƙaramar sifika, matan ɗakin suka matso. Da ta ji muryarta sai ta rufe baki da gefen mayafi tana dariya, ta ce, "Wace ce wannan mai surutu haka?" Aka zo wajen da ta yi maganar kishiyarta, ta ɗaga hannu. "'Yar nan, cire wannan. Ta riga mu gidan gaskiya." Na ce, "To, Inna." Na yanke wajen a gabanta, na koma gida na goge a sauran wuraren da na ajiye. Da zan tafi ta miƙo mini zaren da ta kaɗa, naɗe a jikin mazari, ta ce in zan dawo in taho da auduga mai kyau, waccan duk datti ce.